Ƙwaryar Inna a Kwanar Kududdufi

Ni fa tun ranar da Hashimu ya dawo daga Kano da gaban motarsa a ɗage na ce a raina, to, Allah Ya sa mu ji alheri. Ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goya shi, don haka babu mai gaya mini halinsa. In ya sa abu a gaba, ko duk mutanen Ɗorawar Liman za su taru a kansa, sai ya yi. Amma a wannan karon ban ga laifinsa ba.

Akori-kurarsa ita kaɗai ce mota mai shigowa garinmu. Ita ke kai gyaɗarmu da geronmu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Yadda aka ƙera ta kuwa, gaba ya fi baya ƙasa, kamar akuya tana shan ruwa. Da rani ba mai damuwa. Da damina kuwa, in ruwa ya cinye hanyarmu ya bar tudu a tsakiya, sai ka ji cikinta yana gurzar ƙasa ƙurrr, har cikin haƙoranka. Bara ma dutse ya huda mata ciki, baƙin mai ya tsiyaye tas, ta daɗe a gindin ɗorawa kaji suna fakewa a ƙarƙashinta. Shi ya sa bana, ruwan farko yana sauka, ya kai ta Kano aka cusa wasu ƙarafa masu kauri, zagayayyu, a saman shakazoba na gaba. Gaba ya tashi ya yi daidai da baya. Ya shigo gari yana ta danna hon, yana wani ɗaga kai, sai ka ce shi aka ɗaga ba motar ba.

Ba a je ko'ina ba mota ta fara ƙara. Duk ramin da ta faɗa sai ka ji ƙwal, ƙwal, daga ƙarƙashin gaba. Hashimu ya kai ta wurin Ɗan'auta, bakaniken da ke gindin darbejiya a bakin tashar Makoda. Ɗan'auta mutumin kirki ne, ba na ce ba, amma maganinsa ɗaya ne tun yana yaron gareji: abin da ya yi ƙara, a cire shi. Ya shiga ƙarƙashi ya fito da wasu 'yan gajerun ƙarafa guda biyu, kowanne bai wuce tsawon ludayi ba. Ya ce su ne ke riƙe da wani dogon ƙarfe lanƙwasasshe da ya ratsa gaban motar daga wannan taya zuwa waccan, wai shi sitabilaiza.

Hashimu ya ce, “To, in an cire su, me zai riƙe shi?”

Ɗan'auta ya ce, “Riƙe shi a yi me da shi? Ado ne na masu bin kwalta. Motoci nawa na cire wa, wa ya mutu?”

Ya wurga su cikin tulin ƙarafan da 'yan gwangwan ke zuwa ɗauka. Ƙara kuwa ta tsaya cak. Hashimu ya dawo gida bakinsa har kunne.

Innarmu, Hure, idanunta sun daɗe da yin yana. Haske da duhu kawai take rarrabewa, mu kuma da murya take gane mu. Amma hannunta yana nan ras, kuma har gobe babu mai dama fura irin tata a garin nan. Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan ƙanwarta a ƙauyen da ke gaba da mu. Ranar suna Inna ta tashi tun da asuba ta dama fura cikin babbar ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta ce ita za ta riƙe abinta da hannunta. Muka shiga gaban mota, ni a tsakiya, ita a bakin ƙofa, ƙwarya a cinya.

Da ka fita garinmu kaɗan akwai kwanar kududdufi. Hanya ce ta zo miƙe sannan ta karye hagu gaba ɗaya, ruwa yana kwance a hannun dama. Hashimu ya sha wannan kwana sau babu iyaka, kuma wallahi ba gudu yake ba. Yana murɗa sitiyari sai na ji motar ta tafi luuu, ta kwanta gefen Inna. Na ga ruwan kududdufi ya taso ya cika taga. Na faɗa kan Inna, Inna ta faɗa kan ƙofa, fura ta tashi ta wanke ta tun daga haɓa har ƙafa. Motar dai ba ta kife ba, ta dawo ta miƙe. Amma ku tuna, ni ina gani, na san inda sama take da inda ƙasa take. Inna ba ta gani. Ita a wurinta duniya ce ta juye.

Ta yi salati ta ƙara, sannan ta ce, “Tsaya! Hashimu, tsaya na ce!”

Ya tsaya. Ta lalubi ƙofa ta sauka, fura tana ɗiga daga mayafinta. Sai ta dafa motar ta ce, “Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta ƙara taka motar nan ba, sai ranar da za a ɗauki ƙwaryar nan cike a zagaya kwanar nan, a tafi a dawo, ko ɗigo bai zube ba.”

Na ce, “Haba Inna, rantsuwa kuma?”

Ta ce, “Ke, kama hannuna.”

A ƙasa muka koma gida. Suna dai ba mu je ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu yi dariyarmu mu manta, don Inna ba yawo take ba. Sai ga sanarwa a masallaci cewa likitocin ido za su sauka a Makoda ranar Alhamis, su cire wa tsofaffi yana. Wanda ya je da safiyar ranar a yi masa, washegari a buɗe ido. Wanda bai je ba kuwa sai baɗi, in da rai. Sun zo bara, motar tana kwance a gindin ɗorawa, muka rasa. Na yi kuka a lokacin. Yanzu ga mota da ƙafarta, ga rantsuwa ta tare hanya.

Kada wani ya ce mini babur. Tsohuwar da ba ta gani, ga ciwon ƙugu, a ɗora ta a bayan babur cikin taɓon nan? Amalanke ma an gwada mata shekarun baya, ta yi kwanaki ba ta iya juyawa a shimfiɗa. Motar Hashimu ce ko babu.

Muka ɗauko Malam Khalilu, limamin garinmu. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya yi mata bayani cikin natsuwa, cewa addini bai ƙuntata ba, wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri sai ya aikata shi ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata, shi ke nan. Hashimu ya ce shi zai ciyar, ko yau ma.

Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Allah Ya gafarta Malam, na ji, kuma na san gaskiya ka faɗa. Amma ni tun ina budurwa ban taɓa ambaton sunan Allah a kan magana na janye ba. Ba zan fara da furfura ba. Idon ai na saba da shi haka.”

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na ce, “Kin saba? Jikokinki nawa ba ki san fuskarsu ba, Inna?”

Ta juya fuskarta bango. A nan na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Tsoro take ji, kuma ba za ta taɓa faɗa ba.

Na fito na sami Hashimu a zaure ya yi tagumi. Na ce, “Kai ka ɗaga ta, kai za ka saita ta. Ka tashi ka nemo abin da aka cire.”

Ya ce, “Yaya Aina'u, 'yan gwangwan sun kwashe.”

Na ce, “To, ka bi su har inda suke narkarwa. Ni dai ranar Alhamis Inna tana Makoda.”

Washegari ya tafi Kano, Ƙofar Ruwa, wurin wani abokinsa Kamaruddeen mai sayar da kayan mota. Da ya dawo ya zaunar da ni ya yi mini karatu, don ya san in bai yi ba ba zan bar shi ya huta ba. Wai dogon ƙarfen nan, aikinsa shi ne in mota ta tashi kwanciya gefe guda a kwana, ya murɗe ya riƙe ta. Gajerun nan biyu kuwa, linkeji ake ce musu, su ne hannayen da yake kama ƙafafun mota da su. Da aka ɗaga gaba sai suka yi gajarta, suka riƙa fizgar dogon suna dukansa, ita ce ƙarar da muke ji. Maganin ba cirewa ba ne, a sa waɗanda suka fi tsawo. Ya kwance leda ya nuna mini sababbi, masu zare a tsakiya, in ka murɗa su ƙara tsawo, in ka mayar su rage.

Na ce, “Ashe ba ado ba ne.”

Ya ce, “Ina fa ado.”

Ɗoki bai bar shi ya jira komai ba. Nan ƙofar gida ya tsayar da motar, inda ƙasa ta gangara zuwa kwata. Ya sa jak ya ɗaga wannan gefe ya ɗaura ɗaya, ya sauke, ya ɗaga wancan ya ɗaura ɗayan. Na ga na biyun ya ƙi shiga, sai da ya sa ƙarfe ya danne, yana nishi, yana duka da guduma. Na ce anya? Ya ce in bar shi, ai sabon abu haka yake.

Aka gaya wa Inna. Ta ce a kawo ƙwaryar. Da hannunta ta cika ta da ruwa, ta tsoma ɗan yatsanta ta auna, gaɓa ɗaya tsakanin ruwa da baki. Ta shafa zanena ta ji a bushe yake. Ta ce, “Ke za ki riƙe. Ku je ku dawo.”

Muka tafi a hankali. Muka shiga kwanar. Mota ta juya tsaf, ruwa ya yi ɗan rawa ya koma. Hashimu ya buga sitiyari ya yi kabbara. Ni ma har na fara washe baki. Muka juyo a gindin wata kanya da ke gaba muka kamo hanyar gida. Muna shiga kwanar daga wannan ɓangaren sai motar ta yi wani irin noƙewa, ta sunkuya gefen Hashimu, ta fizgo. Ruwa ya tashi ya zubo mini a cinya, sanyinsa har cikin raina.

Hashimu ya taka birki. Injin yana ta gurnani. Can ya kalli kududdufi, ya kalle ni, ya ce ƙasa-ƙasa, “Yaya, ba ta fa gani. Ga ruwa nan. Mu cika, ki tsaya a rana zanen ya sha iska.”

Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta leƙa. Amma na ce, “Da ni ta rantse ko da Allah? Kuma ka ɗauka mun yaudare ta ta shiga, ranar Alhamis motar nan ta sake yi mata haka a kwanar nan, wa zai ƙara shigar da ita mota har ta mutu? Ja mu tafi.”

Inna tana zaune a kan tabarma a inda muka bar ta. Ta miƙa hannu ta taɓa zanena. Ta tashi ta lalubi bango ta shige ɗaki. Wannan tashin nata ya fi mini zagi ciwo.

Aka wayi gari ranar Laraba ke nan, gobe likitoci. Hashimu ya kira Kamaruddeen, ya sa wayar yadda kowa zai ji. Yana gama bayani sai Kamaruddeen ya ce, “A ina ka tsayar da ita ka ɗaura?”

“Ƙofar gida.”

“Wurin a miƙe yake?”

Hashimu ya kalli gangaren kwata. Ni na amsa masa. Na ce, “Malam Kamaru, wurin da in ka ajiye kwano sai ka bi shi da gudu.”

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, kin gama magana. Kuma na san a kan jak ya yi. To, ya ɗaure ƙarfen a murɗe, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi ya sa ta yi daidai a hannu ɗaya ta ƙi a ɗayan. Ku nemi wurin da yake shimfiɗe sumul, wanda in kun ajiye faranti da ruwa zai kwanta daidai. Tayoyi huɗu a ƙasa, ba jak. Ku sa nauyin mutane a kujeru kamar za a yi tafiya. Sannan a kwance duka biyun a sake.”

To, ina wuri shimfiɗe a Ɗorawar Liman? Gari ne da gonaki suka matse shi ta ko'ina, gero har jikin katanga. Ƙofar masallaci rairayi ne. Filin makaranta ruwa ya mayar da shi fadama. Hashimu yana lissafa wurare, ni kuwa na san wurin tun kafin ya buɗe baki. Can ya ɗago ya kalle ni.

Na ce, “Kada ka kalle ni.”

Ya ce, “Ban ce komai ba, Yaya.”

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuliƙuli. A bayan gidana akwai dandamalin siminti da na sa aka yi mini don shanyar gyaɗa. Guminsa na sha kafin na same shi. Maginin da ya yi shi sai da na tsaya a kansa da faranti, na hana shi tafiya har sai da ya yi yadda nake so. Ba a taka mini shi da takalmi. Akuyar da ta hau, mai ita ya san sauran. Shi ne yau za a hau mini da akori-kura mai taɓo har wuya.

Na shiga na kwashe gyaɗar da ke kai da hannuna, ina kwasa ina masifa, ban ma san da wa nake ba. Na sa aka zare dangar kara ta gefen hanya. Na ce, “Shigo da ita. In ka fasa mini, kai da Allah.”

Yana hawa na ji ƙas, kusurwar dandamalin ta tsage. Na runtse ido na ce Innalillahi. Na buɗe na ce, “Ci gaba.”

Hashimu ya aika aka karɓo sifanu wurin Ɗan'auta, sai ga shi da kansa a kan babur, wai ya zo ya ga adon da ake ta wahala a kai. Ban kula shi ba. Muka ɗora buhun gero a kujerar direba, wani a kujerar Inna, rabin buhu a tsakiya a madadina, ko da yake Ɗan'auta ya ce a ƙara. Na ce ya kiyaye ni. Na ajiye faranti da ruwa a gaban mota, ruwa ya kwanta lif, bai karkata ko'ina ba.

Hashimu ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Ni na tsuguna da waya a hannu, Kamaruddeen yana magana, ina miƙa sifana. Da ya kwance notin farko sai dogon ƙarfen ya yi tsalle ya buga ɓam, har na zabura.

Kamaruddeen ya ce, “Kun ji? Wannan murɗewar ce ta fita. Yanzu ka kwance ɗayan ma. Ka ɗaga hannun dogon ƙarfen har ya kwanta daidai da ƙasa, kada ya kalli sama, kada ya kalli ƙasa. Ka saita na hagu a kan haka ka ɗaure.”

Ya yi.

“To, na dama shi ne aikin. Ka riƙa murɗa zaren a hankali har bakin ya zo daidai da ramin. Da yatsa zai shiga. In ka ji kana neman guduma, ba ka kai ba.”

Hashimu ya murɗa, ya gwada, ya ƙi. Ya ƙara, ya wuce. Ya mayar. Gumi yana shiga masa ido, ƙasa tana zubo masa a fuska daga cikin motar. Ɗan'auta, wanda ya zo kallo, ban san lokacin da ya kwanta ta ɗaya gefen ba, ya riƙe masa ƙarfen yana cewa, “Kaɗan, kaɗan, rabin juyi, tsaya.” Gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauka kafin mu gwada, kwanar kududdufi sai ta zama santsi, magana ta ƙare.

Sai na ji Hashimu ya ce, “Yaya.” Muryarsa ta canza. “Ya shiga. Wallahi da yatsa ya shiga.”

Aka ɗaure notuna tamau. Aka sauke buhuna. Kafin mu fito da motar labari ya zaga gari, don a garinmu ko tari ka yi a bayan gida sai an yi maka sannu a masallaci. Mata sun leƙo ta kan danga, maza sun dawo daga gona da fartanya a kafaɗa sun tsaya. Malam Khalilu ma ya fito, carbi a hannu.

Wannan karon Inna ta ce a kai ta bakin kwanar. Aka riƙe hannunta har gindin wata bishiyar marke da ke kallon wurin, aka shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ita kunnenta zai gaya mata. Ta cika ƙwarya, ta tsoma yatsa, ta shafa zanena, ta miƙo mini.

Iska ta fara kaɗawa, ƙamshin ruwa ya cika wuri. Na zauna na ɗora ƙwarya a cinya. Hashimu ya yi bisimilla ya ja.

Muka shiga kwanar. Ina kallon ruwan, ban ɗaga kai ba. Ya hau gefe ɗaya kaɗan, ya tsaya, ya dawo. Mutane suka fara hayaniya, na ji Malam yana cewa, “Ku dakata, sai sun dawo.” Muka juya a gindin kanya. Hashimu ya goge tafinsa a riga.

Na ce, “Kada ka yi tafiyar hawainiya. Yadda za ka tafi da ita gobe, haka za ka tafi yanzu.”

Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya ƙara wuta kaɗan.

Ga kwanar tana tahowa. Ya murɗa sitiyari, na jira noƙewar nan ta jiya, na jira, na jira. Babu. Motar ta zagaya a tsaye, ƙyam, kamar an riƙe ta da hannu ta kowane gefe. Ruwa ya matso har kusa da baki, ya leƙa, ya koma abinsa. Ko ɗigo.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, da ƙwaryar a hannuna. Hashimu ya ce, “Yaya, ruwan! Ruwan!” Na kama kaina. Ya tsaya a gaban marke, aka buɗe mini ƙofa, na sauko ina takawa kamar mai ɗauke da jariri. Na durƙusa a gaban Inna.

Ta shafa zanena daga ƙugu har gwiwa. Ta sake shafawa. Ta tsoma yatsa a ƙwarya, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Malam yana nan?”

Ya ce, “Ga ni, Inna Hure.”

“Ka gani da idonka?”

“Na gani. Sun tafi sun dawo, ba su tsaya ko'ina ba sai juyawa.”

Ta ce, “To, alhamdu lillahi. Hashimu, buɗe mini ƙofa, ba zan koma gida a ƙasa ba.”

Wayyo, ku zo ku ga gari! Maza suna kabbara, mata suna guɗa, Ɗan'auta yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa shi ya riƙe ƙarfen. Hashimu kuwa, ƙaton mutum mai 'ya'ya, ya kifa kai a kan mota yana share ido da hular da ta sha baƙin mai. Muna shiga gari ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta zuba, ko a jikinmu.

Da sassafe muka kama hanya. Inna a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a cikin nawa. Da muka zo kwanar na ji ta matse mini yatsu har sai da suka yi ƙara. Muna wucewa ta saki, ta gyara mayafi, ta ce wa Hashimu ya daina tafiya kamar mai rakiyar gawa, kada a rufe layi. Taɓon da ke gaba da kanya, inda bara dutse ya huda wa motar ciki, muka ratsa shi cikin motar bai taɓa ƙasa ba.

Aka yi mata ido ɗaya a ranar, aka rufe da auduga. Muka kwana a gidan wata 'yar'uwarmu a Makoda. Washegari aka jera su a kan benci, tsofaffi maza da mata, kowa da farin abu a fuska. Ma'aikaciyar ta zo kan Inna ta ɓare a hankali, ta goge, ta ce, “Baba, buɗe.”

Ina durƙushe a gabanta. Ta buɗe, ta runtse, hawaye ya zubo. Ta sake buɗewa. Ta kalli taga, ta kalli hannunta, ta juya shi gaba da baya. Sannan idon ya sauka a kaina, ya tsaya. Ta daɗe tana kallona, har na fara tsoron ko bai yi ba.

Na ce, “Inna, kina gani?”

Ta miƙo hannu ta ture ɗankwalina baya kaɗan, ta ce, “Ke, yaushe kika yi furfura haka, ba wanda ya gaya mini?”

Na fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, a gaban mutane, ban damu ba. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, “Daina motsi mana. Tsaya in gan ki.”